Saksofon na farko: oda ta waya ko tafiya shago? Lissafin mai koyo a Kebbi

Mutumin Legas da ke son saksofon, wato kayan busa na tagulla mai maɓallai, zai iya shiga kasuwar Alaba da safe, ya zaga shaguna, ya busa wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan, ya koma gida da akwatinsa kafin la'asar. Mu da ke Birnin Kebbi ko Zuru ko Yawuri lissafinmu daban ne. Shagon sifika da makirfo da fiyanon lantarki ba ya wuyar samu, amma saksofon da ƙyar ka gan shi a rataye, in ma ka gani to guda ɗaya ne, kuma mai shagon bai taɓa kai shi bakinsa ba. Ko ta wace hanya ka bi, kayan daga nesa zai fito. Ko dai kai ka je inda yake, ko shi ya zo inda kake a bayan mota.

Masu nemansa kuwa suna ƙaruwa. Akwai matasan ƙungiyoyin waƙa na majami'u, musamman a ƙasar Zuru, akwai 'ya'yan bariki da suka tashi suna jin badujala, akwai masu yi wa ƙasa hidima da suka ɗanɗani busa a sansanin Dakingari, ga kuma waɗanda suka lura cewa yanzu a liyafar biki ana biyan mai busa ya raka ango da amarya zuwa mazauninsu. Dukansu tambayarsu ɗaya: in yi oda ko in shiga mota?

Kafin a amsa sai an san abin da ke lalata wa mai koyo lamari. Tun da Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya yi wa wannan kayan busa rajista a Faris a 1846, tsarinsa bai sauya sosai ba: bututun tagulla ne mai ramuka sama da 20, kowane rami da murfinsa, kowane murfi an liƙa masa 'yar fata mai taushi a ciki. Idan murfi ya rufe, fatar ta sauka ta toshe ramin ruf. In aka sami fata ɗaya tak da ba ta zauna daidai ba, ko da tazarar ba ta wuce kaurin takarda ba, iska za ta riƙa zurarewa, duk muryoyin da ke ƙasa da wannan ramin su rikice. Ƙwararre yana busawa zai ce wannan yana yoyo. Mai koyo ba zai gane ba. Zai ɗauka bakinsa ne bai iya ba, ya riƙa cije baki yana matse maɓallai da ƙarfi, kumatu su yi ciwo, bayan wata biyu ya tura akwatin ƙarƙashin gado ya ce abin ba rabonsa ba ne. Da yawa daga waɗanda suka daina koyo kayan ne ya kayar da su, ba su sani ba. Don haka duk inda zan auna intanet da shago, ma'aunina ɗaya ne: shin akwai wanda ya iya busa da zai sa wannan kayan a baki kafin kuɗinka su zama na wani?

Batun wane iri kuwa ba ya buƙatar dogon zance. Ka sayi alto, wato mai matsakaicin girma. Nauyinsa bai wuce kilo biyu da rabi ba, yatsun yaro ɗan sakandare suna kai wa maɓallansa, littattafan koyo sun fi yawa a kansa, kuma in ka tashi sayarwa shi ya fi saurin samun mai saye. Teno ya fi girma da tsada da cin iska. Sofrano, wancan miƙaƙƙen da ke burge mutane a bidiyo, yana da wuyar daidaita murya, ba na fari ba ne.

Idan aka ce intanet, ba abu ɗaya ake nufi ba. Akwai manyan kasuwanni irin su Jumia da Konga, waɗanda dukansu suka fara aiki a 2012. Su dandali ne da 'yan kasuwa daban-daban ke baza haja, amma kuɗinka ta hannun kamfanin suke bi, kuma akwai wa'adin 'yan kwanaki da za ka iya mayar da kaya in ya zo da matsala. Wannan wa'adin shi ne babbar garkuwarka, sai dai gajere ne, kuma ka karanta sharuɗɗansa kafin ka biya, domin kayan da ake sa wa baki wasu 'yan kasuwa kan yi gardamar karɓarsa. Abin da ya fi yawa a can shi ne saksofon ɗan Chana mai suna iri-iri, da yawansu ƙira ɗaya ce aka buga wa tambari daban.

Sai irin su Jiji, da shafukan Facebook da Instagram, da masu talla a WhatsApp. Nan babu wanda ke riƙe maka kuɗi. Kai da mai kaya ne, sai Allah. Jiji da kansa yana gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya, amma mutumin Argungu da ke ciniki da wani a Legas ta yaya zai gani? A nan ne ake samun na hannu masu kyau da araha, a nan ne kuma damfara ta fi yawa. Hoto ɗaya sai ka gan shi a shafuka huɗu da lambobin waya huɗu.

Na uku su ne na waje: AliExpress, Temu, Amazon, eBay. A Amazon ana samun saksofon ɗan koyo irin su Mendini da Eastar a wajen dala 200 zuwa 300, abin da ke jan hankali ke nan. Amma sai ka ɗora kuɗin jirgi na akwati mai girma, da abin da kwastan za su ce, sannan ka juya shi zuwa naira. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a cikin 2024, duk wani tsohon farashi da wani ya faɗa maka ya zama tarihi. Mafi muni, in kayan ya zo da lahani, kuɗin mayar da shi ƙasar da ya fito zai iya kusan cinye kuɗin sayensa. A aikace babu mayarwa. A eBay kuma akwai wani tarko na masu son tsohon kaya: saksofon na shekarun 1920 da ake kira C melody, wanda ba alto ba ne ba teno ba, da kuma waɗanda aka buga wa High Pitch a jiki, waɗanda muryarsu ba za ta taɓa daidaituwa da fiyanon majami'a ko sauran 'yan band ba. Suna da kyan gani, suna da araha, kuma ba su da amfani ga mai koyo.

Jabu kuwa ya zama ruwan dare. Yamaha YAS-280, wanda shi ne na 'yan koyo a jerin wannan kamfani, a Turai kuɗinsa na kai-komo ne a wajen Yuro 1,000. To in ka ga wani ya sa sabon YAS-62 ko YAS-875EX, waɗanda na ƙwararru ne kuma sun ninka wancan tsada, a farashin da bai kai rabin na ɗan koyo ba, ai ba sai an kira malami ya duba maka ba. Haka Selmer Mark VI, wanda aka daina ƙerawa tun shekarun 1970, amma har gobe ana tallan "sabo dal a leda". Abin haushin shi ne wanda ya sayi jabun Yamaha ya fi wanda ya sayi ɗan Chana mai sunansa na gaskiya asara: kayan iri ɗaya ne, shi ya biya kuɗin tambari a banza.

Ba ina cewa duk ɗan Chana shara ba ne. Ƙirarsu ta inganta ƙwarai a 'yan shekarun nan, kuma akwai waɗanda ke yi wa mutum shekara biyu ko uku lafiya lau. Matsalarsu rashin tabbas. Guda biyar daga kwali ɗaya, biyu su yi daɗi, biyu su yi dama-dama, ɗaya ya ƙi fitar da muryar ƙasa sam. Wanda ya je shago da mai busa zai zaɓi ɗaya daga biyun farko. Wanda ya yi oda, duk wanda hannun yaron shago ya faɗa kai shi ne rabonsa. Cinikin biri a sama ke nan.

Sannan ga hanya. Kaya daga Legas sai ya bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kwantagora, Yawuri, Koko, Jega kafin ya shigo Birnin Kebbi, kuma duk wanda ya san wannan hanyar ya san abin da take yi wa ƙashin bayan ɗan Adam balle siraran ƙarafa. Wani ɗalibina ya taɓa yin oda daga wani mai talla, aka sa masa a mota. Muka je tasha karɓa, sai ga akwatin an ciro shi daga ƙarƙashin buhunan kaya, kwalin ya lotsa ta gefe ɗaya. Yaron ya ce wa direba, "Baba, ai an ce maka abin fashewa ne." Direban ya ce, "Wallahi ɗana, haka anka ba ni shi, ba wanda ya ce min komi." Da muka buɗe, tagullar na ƙyalli, ba ko ƙwarzane. Sai da na haɗa wuyan na ga siririn ƙarfen da ke ɗaga maɓallin oktaf, wato maɓallin da ke haurar da murya sama, ya karkace, domin mai kayan bai sa toshiyar robar da ke kare saman bututun ba, kayan ya yi ta dukan bangon akwati tun daga Legas. Ramin oktaf ya zauna a buɗe, ko wace murya ka nema sai ta haura sama da ƙara. Gyaran minti goma ne ga wanda ya sani. Da yaron shi kaɗai ne, da ya yi wata yana zargin bakinsa.

In dai oda za ka yi, ka sa mai kayan ya ɗauki bidiyo yana busawa, ko ya nemo mai busawa, daga muryar ƙasa ta ƙarshe har sama, a nuna lambar da ke jikin kayan a cikin bidiyon nan ba tare da an yanke ba. Ka ce a sa toshiyar sama, a cusa ƙyalle ko soso yadda kayan ba zai motsa a akwati ba. Sababbi sukan zo da 'yan guntayen kok, wato ɓawon itace mai taushi, da aka soka don danne maɓallai saboda tafiya, sai an zare su duka kafin a busa. Mutane da yawa sun ɗauka kayansu ya lalace alhali waɗannan ne ba su cire ba. Kuma ka shirya wanda zai gwada maka tun kafin motar ta iso, don kada wa'adin mayarwa ya ƙare kana neman mai busa.

Shago shi ma yana da nasa kuɗin da ba a rubuta a rasit ba. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato wajen kilomita 150 ne, amma can ma zaɓin kaɗan ne. Inda ake samun kaya da yawa su ne Sabon Gari a Kano, da Abuja, da Kaduna, sai uwa uba Alaba. Zuwa Kano ta Gusau da Funtuwa tafiya ce da mutum ke lissafin tsaro kafin ya lissafa kuɗin mota. Mutanen Zuru sun fi bin Rijau da Kwantagora su faɗa Minna ko Abuja. Ko ta ina, ka ƙara kuɗin mota zuwa da dawowa, da abinci, da wurin kwana. Ga ɗan Chana mai araha, wannan ƙarin zai iya zama kaso mai tsoka na kuɗin kayan. Shi ya sa ban ga hikimar tashi takanas saboda shi ba, sai dai a haɗa da wata tafiyar.

Kada kuma a ɗauka shiga shago kaɗai ya wadatar. Yawancin masu shagunan nan 'yan kasuwa ne, yau su sayar da ganga, gobe janareto. Kayan da ke shagon sau da yawa shi ne dai wanda ke intanet, wani lokaci ma mai shagon ne ke da shafin. Jabun Yamaha yana rataye a shaguna kamar yadda yake a waya. Mai koyo da ya shiga shi kaɗai, aka buɗe masa akwati ya ga walƙiya, aka haɗa masa da farin safar hannu da ƙyalle a matsayin gyara, bai fi mai oda da komai ba sai gajiyar hanya. Amfanin shago yana fitowa ne in ka shiga da mai busa.

Ga yadda mai busa ke yi. Zai zo da nasa bakin busawar da nasa rid, wato ɗan siririn fallen karan da ke kaɗawa ya ba da sauti, domin ya cire shakku daga wannan ɓangaren. Zai soka wuyan a jiki ya ɗaure, ya girgiza ya ji ko yana lilo. Sai ya fara da muryoyin ƙasa, waɗanda ake kira C da B da B♭, kuma a hankali, kamar mai raɗa. Da ƙarfi ko kayan da ke yoyo zai yi magana. A hankali ne asiri ke tonuwa, sai ka ji murya na rawa ko ta tsallake sama. Daga nan ya riƙa kai-komo tsakanin G da A na sama, inda ramukan oktaf biyu ke karɓar aiki daga juna. Zai duba G♯, maɓallin da ya fi kowanne son mannewa. Zai buɗe manhajar auna murya a waya ya ga ko kayan na tafiya daidai daga ƙasa zuwa sama, ko kuwa in an gyara tsakiya sai sama ta kauce. In da hali ya zura siririyar fitila cikin bututun a wuri mai duhu, ya rufe maɓallan da taushin hannu: duk inda haske ya leƙo ta gefen fata, nan iska ke fita. A ƙarshe ya ɗan taɓa dogayen maɓallan gefe ya ji ƙarfin ƙarfen, don akwai masu laushin da yatsa ma ke lanƙwasa su. Duk wannan bai wuce rabin sa'a ba. Mai shago zai ce, "Oga, duka iri ɗaya ne, sabo ne fa." Ka ce masa, "Na sani Oga, a dai buɗe mana na biyun." In ya ƙi a busa, ku fita.

Rasit ɗin ma a rubuta sunan kayan da lambarsa. Waccan maganar da ake bugawa a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ba ta hana ka haƙƙinka ba in kaya ya zo da lahani ko ya saɓa wa yadda aka siffanta shi. Sai dai bin haƙƙi daga Kebbi zuwa Legas wani aiki ne, gara a tace tun a gaban kanta.

Akwai hanya ta tsakiya da na fi ba mutane shawara a kai, kuma ita ce ta fi dacewa da mu. Ka nemi mai busa da ke zaune a Kano ko Abuja ko Legas, ta hanyar shugaban mawaƙan majami'arku, ko wani ɗan band na 'yan sanda ko soja, ko malamin da zai koya maka. Ka biya shi ladan ƙafa ya je shagon, ya gwada, ya kira ka ta bidiyo, ya tsaya a kan ɗaurin kayan, sannan ya damƙa wa wani ɗan gari mai dawowa ya riƙo a cinya. Abin da za ka ba shi bai kai kuɗin motarka ba. Abu ɗaya za a kiyaye: wasu na karɓar la'ada daga mai shago, su kai ka inda za su samu ba inda za ka samu ba. Ka zaɓi wanda akwai mai jin kunyarsa tsakaninku.

Na hannu kuma kada a raina shi. Tsohon Yamaha YAS-23 ko YAS-275, ko Jupiter na ƙasar Taiwan, in fatunsa na da rai, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba nesa ba kusa ba. Ƙarfensu na riƙe saiti, masu gyara sun san su, kuma in ka gaji ka sayar kusan kuɗinka za su dawo. Dusashewar fenti ba komai ba ce, ƙaramar lotsawa a gindin ma haka. Abin gudu shi ne wuya da ya lanƙwashe, bututun da ya karkace, fatun da suka yi baƙi suka bushe ƙamas, da warin rima in an buɗe akwati. Sauya fatu gaba ɗaya aiki ne mai tsada da zai iya kai kuɗin wani sabon ɗan Chana. Kafin ka leƙa Jiji, ka fara tambaya a gida: a majami'u, a bariki, wurin masu hidimar ƙasa da suka kusa gamawa. Wanda ke garinku za ka iya riƙe kayansa kwana biyu, malaminka ya busa, kuma ka san ƙofar gidansa.

Yanayinmu ma yana da ta cewa a zaɓin. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kuma fatun nan da gam ake liƙa su. Ka bar akwati a but ɗin mota da rana, gam ya yi laushi, fata ta goce. Da hunturu kuma fata da kok ɗin wuya suna bushewa, ƙura ta shiga gaɓoɓin maɓallai, rid ya kanannaɗe. Kayan da aka haɗa da gam mai arha shi ke fara nuna gazawa. Ko wanne ka saya, wata rana zai nemi mai gyara, masu gyaran kuwa sun fi yawa a Legas da sauran manyan birane. Saboda haka ka tambayi mai sayarwa tun kafin ciniki: in ya sami matsala, wa zan kai wa? Shagon da ke da mai gyara a hannu ya cancanci ka biya shi fiye da na maƙwabcinsa.

Inda intanet ya yi wa shago fintinkau shi ne ƙananan kaya. Rid ba ya daɗewa, ga mai koyo ma da ke yawan karya bakinsa ya fi saurin ƙarewa, kuma ba za ka shiga mota zuwa Kano saboda shi ba. Ka yi odar kwali mai guda 10 na Rico ko Vandoren, lamba 2, ko 1.5 ga yaro ƙarami. Su ma ana jabunsu, don haka ka guji mai arahar da ta wuce hankali. Akwai na roba irin na Légère, ya fi tsada amma bai damu da hunturu ba. Bakin busawa da ke zuwa da saksofon mai araha yawanci shi ne mafi rauni a akwatin, kuma sauya shi da Yamaha 4C kan gyara sauti fiye da yadda mutum ke zato. Man shafa wa kok, ƙyallen zare danshi bayan busa, maratayi mai faɗi da ba ya cin wuya, duk waɗannan ba sa karyewa a hanya kuma ba sa buƙatar gwaji.

Wanda kuɗinsa ya kai na sabon Yamaha ko Jupiter, kada ya tura su ga wanda bai taɓa gani ba. Ya je da kansa da mai busa wurin dilan da zai ba shi takardar garanti, tafiyar ta cancanci kuɗin. Mai matsakaicin ƙarfi ya nemi na hannu, a gida in an samu, in ba a samu ba ta hannun wakili. Wanda kuwa ɗan Chana kaɗai aljihunsa zai ɗauka, ya fi kowa buƙatar a zaɓar masa daga cikin guda uku ko huɗu a shago. In babu wakili sam, to ya yi oda a dandalin da ke karɓar mayarwa, ya bar wani abu a gefe na gyaran farko da sabon bakin busawa, kuma ya tabbata malaminsa na gari a ranar da kayan zai iso.